Na Hagu Ƙarfe Ne

Abubuwa da yawa sun fara zame mini daga kai yanzu, har carbi nakan yi ta nema alhali yana wuyana. Amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kudan ba, ranar da na hau dandamali a gaban jama'a, na yanke wa kaina hukunci da bakina, ina murmushi ina jiran a yi mini tafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Shekara arba'in na yi ina dillancin shanu a kasuwar Makarfi. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, amma akwai ilimi guda da nake taƙama da shi, wato sanin mutum daga muryarsa. In mutum ya yi mini sallama a kara, wato wurin cinikin shanu, kafin ya rufe baki na san ko saye ya zo yi ko ɓata mini lokaci. Na faɗi wannan magana a majalisa ba adadi, har abokaina sukan ƙarasa mini ita in na fara. (Yanzu na daina faɗa. Su ne ke tuna mini.)

Sai kuma ɗana na fari. Mu asalinmu mutanen Paki ne kafin in dawo Ikara da zama, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye shi yayata ta ɗauke shi ta tafi da shi Likoro, can ya girma a hannunta. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan Goggo nake ce masa, shi ma sai ta kama dole. Ban ɗauke shi yana ƙarami ba, ban zauna hira da shi da ya girma ba. In ya zo gaisuwar Sallah yakan durƙusa a zaure, kai a ƙasa, ya yi magana can cikin maƙogwaro, ni kuma in amsa ina kallon katanga kamar ita ce ta gaishe ni. Minti biyu an gama. In ina da saƙo gare shi sai in gaya wa uwarsa, ita ma kunyar ba ta bar ta ba, sai ta gaya wa ƙanwarsa, ƙanwar ta leƙa zaure ta faɗa masa. Gida ɗaya, taku biyar tsakaninmu, amma magana sai ta bi ta baki uku. Ni kuwa ina ganin wannan shi ne cikar dattako. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko na zarce ba.

Yaron ya yi karatu ya zama malamin sakandare a Kudan, da matarsa da 'ya'yansa. Bara, bayan an gama girbin masara, sai saƙo ya biyo wannan hanya tamu amma a juye. Ya gaya wa ƙanwarsa, ta gaya wa uwarsa, uwar ta same ni ina cin tuwo. Wai ya rubuta wasan kwaikwayo, ɗalibansa za su yi ranar taron iyaye, yana son mutanen gida su je. Na ce su wane ne mutanen gida? Ta ce ai ka sani. Shekararsa talatin da shida a duniya, bai taɓa neman wani abu a wajena ba sai ranar. Na taɓe baki na ce zan duba in da hali. Ina wanke hannu na ɗauki babbar rigata na kai wa mai guga, alhali saura kwana tara.

Abin da nake so ɗaya ne. In je, in zauna a gaba, ya ga na zo, in tashi ban kunyata shi ba.

A ƙofar makarantar na tarar da Tanko, taubashina na Likoro. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu bai tsokane ni ba, kuma furfura ba ta rage masa komai ba. Ya dubi rigata sama da ƙasa, ya tambaye ni ko takarar kansila zan tsaya. Aka zaunar da mu a layin gaba kan fararen kujerun roba. Na baza ido ban ga ɗan Goggo ba, kuma ba halin in tambaya. Wa zan ce ina nema? Na ɗauka yana can baya yana shirya yara.

Wasan a kan abin nan ne da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ke magana tana ba da amsa kamar mutum. A cikin labarin an kawo ta wani ƙauye. Ita ke gaya wa manoma lokacin shuka, ita ke rubuta wa mutane wasiƙa, in maƙwabta sun yi rigimar iyakar gona ita ke raba su. Sannu a hankali mutane suka daina zuwa wurin juna, kowa na'ura yake tambaya. Ran nan sai ta ce ita ma mutum ce, tunda ba abin da ɗan Adam yake yi da bakinsa wanda ba ta iyawa, saboda haka a ba ta wurin zama a majalisar dattawa. Gari ya rabu biyu. Yaran sun iya, gaskiya. Wanda ya fito a mai gari gemun auduga aka liƙa masa, in ya ɗaga murya sai gemun ya zame ya koma gefen kunne, mata suna ta dariya. Ni dai ina ta sharhi a kunnen Tanko cewa abin da aka haɗa da waya da batir ba zai ruɗi ko sabon shiga kara ba, balle irina.

Can sai wata ɗaliba mai gabatarwa ta fito ta ce an zo wurin shari'a, kuma wannan ɓangaren ba a rubuta shi ba. Akwai wani shuɗin labule a tsakiyar dandamali. Ta ce a bayansa akwai masu magana biyu, na dama da na hagu, kowa da lasifikarsa. Ɗaya mutum ne, ɗaya na'ura ce ta gaske, an umarce ta ta yi kamar mutum. Za a sami dattijo daga cikin iyaye ya zama alƙali, ya yi musu tambaya uku, ya faɗi wane ne wane. Shugaban ƙungiyar iyaye aka shirya zai yi, to ya tafi ta'aziyya. Ko akwai wanda zai taimaka?

Ba wanda ya tashi. Tanko ya ɗaga hannu, amma ni ya nuna. Ya ce ga dillali nan, mai gane mutum daga tarinsa. Da ina da wayo da na ce gwiwata na ciwo. Maimakon haka sai na miƙe, na ɗora hannun riga a kafaɗa, na hau. Har na ce wa yarinyar tambaya uku ta yi yawa, amma tunda haka aka tsara, to. A raina ina cewa yau ɗan Goggo, duk inda yake tsaye, zai ga irin uban da Allah ya ba shi.

Na karɓi abin magana na yi sallama, na ce kowa ya gaishe ni, wannan ce tambayar farko. Na dama ya amsa sallama cikakkiya, ya ce mini ranka ya daɗe Baba. Ya tambayi wuni, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙarfin jiki da yadda na baro iyali da yadda hanya ta kasance, ya rufe da addu'ar Allah ya ƙara girma. Raina ya yi fari. Na juya wajen na hagu. Shiru. Sai da na tambaye shi ko batir ne ya ƙare, sannan wata murya ta fito a hankali.

"Ina wuni."

Shi ke nan. Ba Baba, ba ranka ya daɗe. Ɗaliban da ke kan bencin baya suka fara ƙus-ƙus. Na ɗauka ƙwarewata ce ta fara burge su.

Tambaya ta biyu daga kara na ɗauko ta, inda ba a ciniki da mutum sai an san ɗan gidan wa ne. Na ce kowa ya gaya mini ubansa. Na dama bai ko yi tari ba. Ya ce ubansa manomi ne a Taba, mai haƙuri, mai son baƙi, ya faɗi sunansa har da na kakansa. Na hagu kuwa ya sake yin shirun nan nasa.

"Kai nake jira. Wane ne ubanka?"

"Yana nan."

"Yana nan ina?"

"Yana nan dai, kusa."

"Ba shi da suna ne?"

"Yana da shi."

Zauren ya kwashe da dariya. Na juyo na dubi jama'a ina kaɗa kai, irin na kun gani ko. Na hangi Tanko ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Wata malama a gefe tana ta yi mini alama da hannu, ni ma na ɗaga mata nawa, na ɗauka gaisuwa ce. (Na san kai mai karatu ka riga ka gano. Kowa a zauren nan ya gano, har mai sayar da rake da ke leƙe ta taga. Ni kaɗai na rage, ni mai ilimin murya.)

Ta uku na ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ubansa ya taɓa yi masa wanda ba zai manta ba. Na dama ya ba da labarin ranar da zazzaɓi ya kama shi, ubansa ya goya shi a keke cikin ruwan sama zuwa asibiti, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi da ita. Ya tsara maganar tsaf. Na ce Allah ya yi wa wannan uba albarka.

Na koma kan na hagu. Ina jin numfashinsa a lasifika, na ce a raina ashe har numfashi suka koya mata.

"Ya taɓa aiko mini da takalmi, ina aji uku."

"Aiko maka? Shi ƙafarsa ciwo take?"

"Sun yi mini kaɗan. Ban faɗa wa kowa ba. Na sa su ranar Sallah a haka."

"Iyakar abin da ka tuna ke nan?"

"Ni sun ishe ni."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kuma na ɗauka hukunci suke jira. Na gyara tsayuwa, na gyara murya.

"Jama'a, ba sai an wahala ba. Na dama ɗan mutane ne, ya sha tarbiyya. Na hagu ƙarfe ne. Bai iya gaisuwa ba, bai san sunan ubansa ba, labarin ma da aka haɗa masa bai haɗu ba. Wane uba ne zai rasa sanin sawun ɗansa?"

Da a nan na tsaya da sauƙi. To, abin magana yana da daɗi a hannu, ba a son sakinsa. Sai na ƙara.

"In ma mutum ne, to ba da shi nake ba. A kawo mini ubansa, shi zan yi wa faɗa."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi malamar nan ta gefe, ta dubi ƙasa. Sannan ta ja labule.

A dama tebur ne, da wayar hannu a kai an jingine ta da gorar ruwa. A hagu, kan kujera, ɗan Goggo ne. Yana ganina ya zame daga kujerar ya durƙusa, kai a ƙasa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Babbar rigar ta yi mini nauyi kamar an tsoma ta a ruwa. Sai na ji muryar Tanko daga layin gaba, a natse, kamar mai ba da shaida a kotu.

"Ranka ya daɗe alƙali, ai uban yana kusa. A fara faɗan, muna saurare."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Shugaban makaranta ma da ya so ya daure, sai ya cusa fuska cikin takardar jawabinsa. Na yi salati, na manta abin magana yana bakina, salatin ya fita ta lasifika har filin ƙwallo. Na juya zan sauka, sai na nufi gefen da ba matakala. Saura kaɗan in faɗa kan gangunan yara, sai na ji an riƙe mini dantse. Shi ne. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, haka ya zagaya da ni har matakala ya sake ni. An ce yarinyar ta rufe wasan da wata magana mai ma'ana a kan abin da ya raba mutum da na'ura. Ban ji ba. Kunnena ya toshe.

Ban tsaya cin shinkafar baƙi ba. Tanko ya raka ni tasha, kuma a hanya na gwada wanke kaina. Na ce lasifikar ce ba ta da kyau, tana canja murya. Ya ce ita dai lasifikar ce ɗalibai suka ji suka gane malaminsu tun daga "ina wuni". Na ce to ai labarin takalmin ne ya ruɗe ni, ni ban san wani takalmi ba. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya dube ni. Ya ce shi ne ya kai su Likoro da hannunsa, cikin baƙar leda. Goggo ta auna ƙafar yaron da karan dawa ta aiko mini, na soke karan a jinkar ɗaki, sai da ya shekara kafin in tuna in saya. Ya tambaye ni ko na ɗauka ƙafar yaro tana jirana. Wallahi na manta sarai. Ni da na aika na manta, shi da takalmin ya matse yana riƙe da abin har ya zama magidanci.

Na ce to ya zan yi, al'ada ce. A nan Tanko ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarmu, ya yi mini magana ba da wasa ba.

"Kar ka ɗora wa kunya. Dukanmu mun yi kunyar ɗan fari, amma mun san muryarsu. Kai dai ka samu wurin fakewa ne."

Muka ƙarasa tasha. Na sami motar Ikara na shiga.

Daga baya ƙanwarsa ta ba ni sauran labarin. Shi ya zauna bayan labule ne saboda ana buƙatar muryar babba, kuma ya shirya amsoshi masu daɗi da zai kara da na'ura a gaban shugaban iyaye. Yana jin sallamata harshensa ya yi nauyi. Ta yaya zai kira ni Baba a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba ko a zaure? Ta yaya zai faɗi sunana ina tsaye? Ita kuwa wayar ba ta da uban da za ta ji nauyi, shi ya sa ta ƙirƙiro wani a Taba ta ɗora shi kan keke, ni kuma na sa masa albarka.

Kwana huɗu ina juya abin. Ran na biyar bayan la'asar na ce wa ƙanwar ta sa mini lambarsa a wayata. (E, ba ni da ita. Ku yi dariyar, na saba.) Na shiga zaure na kira. Ya ɗauka, na yi sallama. Yana amsawa sai ya jefo mini tambaya.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Mutanen gida ne ba lafiya?"

"Kowa lafiya lau. Magana nake so ka yi."

"Wace magana?"

"Kowace iri. Ka dai yi ta yi, ina saurare."

Da ƙyar ya fara. Ya ce mini gemun mai gari da ƙullun rogo aka liƙa shi, shi ya sa ya ƙi zama. Ya ce 'yarsa ta tsakiya haƙorinta ya fita tana ɓoye baki. Ya ce akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye masa takardun jarrabawar aji biyu, yanzu bai san me zai gaya wa yaran ba. A nan ya yi dariya, kuma dariyar ta sa na zauna sosai kan tabarma. Ashe in ya saki murya, muryar marigayi ubana ce sak. Shekara da shekaru ina cewa ba wanda ya ɗauko tsohon nan a zuri'armu, ashe yana durƙushe a zaurena kowace Sallah.

Yanzu duk Juma'a ina kiransa. Sunan dai har yau bakina ya ƙi ɗauka, kuma shi ma bai fara ce mini Baba ba, amma hira takan kai mu har wayar ta yi zafi a kunne. A kara kuwa suna ya bi ni. Tanko ya tabbatar labarin ya riga ni isa Makarfi, yanzu ba mai kirana sai da Alƙali. In an kawo bijimi sai wani ya ce in matso in saurari kukansa, in faɗa musu ko sa ne ko na'ura. Nakan yi dariya tare da su, don ba ni da bakin musu.

Abin da na koya da tsufana ba shi da yawa. In aka miƙa maka abin magana a taro, ka ga ɗan wani bai yi maka ba, kafin ka ce a kawo maka ubansa, ka fara leƙa cikin rigarka ka ga wa ke ciki.